Geron Iri

Baba ya iso gidanmu da ke unguwar Gidan Dare ana tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙarfen get ba ka iya taɓawa da rana. Ni na je na ɗauko shi daga ƙauyenmu da ke bayan Wamakko, kuma ba da son ransa ba. Idonsa ya tafi, likita ya ce ba zai dawo ba. Mahaifiyarmu ta rasu, gonar kuma gari ya riga ya cinye ta, gidaje ne tsaye a inda ake shuka da. Me ya rage masa a can? Haka na faɗa masa ina tsaye a kansa da makullin mota a hannu, don ni ban iya lallashi ba, kuma ban iya zama ba. Tun ina ƙarama ake faɗa mini haka.

Kayansa ba su da yawa. Jakar tufafi, buta, tasbaha, sanda, sai wata tsohuwar gora da aka liƙe bakinta da laka. Na miƙa hannu zan sa ta a bayan mota ya hana, ya ɗora ta a cinya, ya riƙe da hannu biyu har muka shigo gari.

Na ce, "Baba, mene ne a ciki haka?"

Ya ce, "Hatsin Inna na."

Innar da yake nufi mahaifiyarsa ce, wadda aka sa mini sunanta. Shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, ni ma Inna yake ce mini. Gero ne na iri, cuɗe da toka don kada ƙwari su ci. Ita ta riƙa zaɓensa shekara da shekaru a gonarta har ya zama nata: dogon kai, ƙwaya manya, kuma yana riga geron kowa nuna, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, yara sun fara kwana da yunwa. Bayan ta rasu Baba ya ci gaba. Yanzu damina biyu ke nan irin yana cikin gora bai ga ƙasa ba. Ya ce mini, "In ba a shuka shi bana ba, ya mutu. Babu kuma wani mai shi."

Na ce to. Irin "to" ɗin da nake ce wa yara idan ina neman takalmina.

A gidana babu ƙasa ko ta cika cokali. Ni na matsa wa maigidana aka shafe tsakar gidan da siminti tun daga get har bayan kicin, don na yi sharar ƙasa a ƙuruciya har na ƙoshi. 'Ya'yana biyu, mace 'yar shekara bakwai da ƙanenta ɗan shekara biyar, a kan simintin nan suka yi rarrafe. Ban ga laifin haka ba. Da safe in zuba su a mota in sauke a makaranta, in wuce ofis ɗinmu da ke Sama Road, in dawo in kwaso su, su ci abinci a tsaye, in tura su Islamiyya. Ranar ta ƙare ke nan.

Sai ga Baba da sandarsa. Daga ƙofar ɗakinsa zuwa get, daga get zuwa tankin ruwa, daga tanki ya dawo. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Wallahi har cikin haƙorana nake jin ƙarar sandar nan. In la'asar ta yi sai ya tsaya a tsakiyar gida ya juya fuska gabas yana shaƙar iska. In ce, "Baba, ka zauna mana." Ya ce, "Ke kin zamna?" Mutum biyu marasa zama a gida ɗaya, abin ya yi wa maigidana yawa. Shi ɗan gidan malamai ne, a gidansu mutum yana iya zama kan littafi ɗaya daga azahar har la'asar bai gyara ƙafa ba. Ya je ya nemi mai kangon da ke jikin katangarmu, fili ne da aka sa wa harsashi aka bari, ya roƙa mana aron damina ɗaya.

Ranar da aka faɗa wa Baba, sandar ta daina yawo a tsakar gida. Ta koma kango, ta tafi da 'ya'yana.

Yarinyar yake kira amarya, irin wasan kaka da jika, yaron kuma sarkin noma, su kuma suna ce masa Baba Tsoho. Su ne idanunsa. Sun fara da tsince leda da gwangwanaye da fasassun bulo. Kafin yaron ya ɗaga dutse na farko Baba ya tsayar da shi, ya koya masa: ba a sa yatsa ƙarƙashin dutse, da sanda ake turawa, kuma a buɗe shi ta can gefen, ba ta wajen ƙafarka ba. A dutse na huɗu kuwa sai ga kunama ta ɗaga ƙari. Yaron ya shigo gida yana ba ni labari kamar an ba shi kyauta, ni kuma na fita da ludayi a hannu ina faɗa, wai so ake a kashe mini ɗa. Baba ya bar ni na gama. Ya ce, "Da can tana nan, Inna. Yau dai ya san ta." Sun koyi cewa ruwan tumfafiya ba ya zuwa kusa da ido. Sun jawo ƙayar magarya da igiya suka toshe inda jajayen awakin maƙwabta ke shigowa. Kullum su dawo mini da ƙarangiya a safa da ƙasa a kai, kullum in yi masifa, kullum gobe su koma.

Ruwan farko ya sauka wata ranar Talata da rana ina ofis. Ƙamshin ƙasa ya shigo ta taga, sai na ji ba zan iya zama ba. Na tattara jaka na fito. Ni da na ce babu ruwana da gero, ni ce na shigo gida ina kiran a fito da gora, a yi sauri, ƙasa za ta bushe. Baba yana zaune a bakin ƙofa bai motsa ba.

Ya ce, "Amarya, tahi ki tona da hannu. Ki hwaɗa min inda laima tat tsaya."

Ta je ta dawo da yatsa a miƙe. Laimar ba ta wuce gaɓa biyu ba, ƙasanta busasshiyar ƙasa ce mai zafi.

Ya ce, "Wanga ba ruwan shuka na ba."

Na ce ai maƙwabcinmu na baya ya fita da iyalinsa suna shuka. Ya ce Allah ya ba da sa'a. Na koma ɗaki ina ƙunƙuni. Kwana goma sha biyu sama ba ta sake ɗigo ba. Shukar maƙwabcin ta fito ta ƙone a tsaye. Ni kuwa a kwanakin nan na fi Baba duba gabas. Ina cikin rubutu a ofis sai in tashi in leƙa taga, in dawo, in sake tashi, har abokiyar aikina ta tambaye ni ko baƙo nake jira.

Yaron ne ya fara ganin shamuwa. Ba a kan kuka ba, babu kuka a unguwarmu, a kan ƙarfen sabis ɗin waya ya gan su su biyu. Ya kwatanta wa Baba: baƙin tsuntsu, farin ciki, dogayen ƙafafu. Baba ya yi dariyar da rabona da jin irinta tun mahaifiyarmu na da rai. Kwana uku bayan haka aka yi ruwa tun asuba har hantsi. Yarinyar ta tona, ta tona, hannunta ya nutse har gwiwa ba ta tarar da busasshiyar ƙasa ba. Sannan Baba ya fasa lakar bakin gorar.

Ranar ba su je makaranta ba, ni ma ban matsa ba. Shi yana gaba da sungumi, taku ɗaya sara ɗaya, layinsa a miƙe kamar yana gani. Ita tana biye tana ɗibar iri da yatsu uku ta jefa, ta rufe da diddige. Yaron yana baya yana sake taka abin da aka riga aka taka. Duka irin aka zuba, ba a rage ko ƙwaya ba, don Baba ya ce ya tsufa, ba a san nawa zai tashi ba. Gaskiyarsa. Da ƙyar rabin ramukan suka tsiro. Kowace safiya kafin makaranta sai yarinyar ta je ta ƙirgo masa, ni ina cikin mota ina danna oda.

Da shukar ta kai tsawon tafin hannu aka zo cira. Kowane rami a bar uku masu ƙarfi, a tuge sauran. Yarinyar ta ƙi. Ta ce ai duk ita ta shuka su, ta zauna a kan harsashin ginin tana kuka. Baba bai rarrashe ta ba. Ya bar mata rami biyu ya ce kada a taɓa, nata ne. Bayan mako uku ta gani da idonta, nata sun yi cunkus, sirara, rawaya, na kusa da su sun wuce ƙugunta. Ta tuge su da kanta ba ta gaya wa kowa ba, ni na hango ta ta tagar kicin.

Abubuwan da suka kwaso a daminar nan ba zan iya lissafa su ba. Sun san tafasa, sun san lalo, sun kawo mini a riga suka ce in yi miya. Yaron ya iya jin bambancin hadarin da zai zubar da wanda iska za ta watsar, ko dai ya iya kwaikwayon Baba yana faɗa. Wata rana yarinyar ta tsinko mini wani fure ja-ja mai kyau daga gindin gero, na sa a kofi. Baba ya shafa ya ce ƙuduji ne, shi ke shanye gero ta ƙarƙashin ƙasa, a bi shi duk inda yake a tuge a ƙone kafin ya zubar da 'ya'ya. Ta kwashe har na cikin kofin.

Tsakiyar damina ruwa ya ɗauke kwana tara. Ganye ya nannaɗe. Baba ya koma yawonsa, ƙwas, ƙwas, daga get zuwa tanki. A rana ta bakwai na kasa jurewa, na dawo daga aiki ko mayafi ban cire ba na fara jidar ruwa da bokiti ina kaiwa kango. Ya ji ƙarar bokitin ya tambayi abin da nake yi. Na faɗa masa. Ya ce, "Inna, hatsi na hwa, ba albasa ba. Aje bokitin ga." Na ajiye don haushi, ba don na yarda ba. Bayan kwana biyu aka yi ruwa, geron ya miƙe kamar ba shi ba.

Ya yi ciki, ya fidda kai, ya wuce katangarmu. Masu wucewa a kan kabu-kabu har waiwaye suke. Tsuntsaye suka samu labari, yara suka ɗaura gwangwanayen madara a igiya, yaron ya samu aikin da ya dace da shi, ja da ihu. Ita kuwa yarinyar wani aiki daban suka shiga da Baba. Da sassafe za su bi layi-layi, ta lanƙwaso masa kan gero, ya shafa tun daga gindi har tsini, ya tambaye ta abin da take gani. Ƙwayar ta cika har sama? Babu gurbi? Babu baƙi? Wani geron ya sake shi nan take, wani kuma ya daɗe yana shafawa. Wata safiya ta biyo ni har mota tana cewa, "Mama, zo ki ga waɗanda muka ƙulle." Na ce anjima, mun makara, ki shiga mota. Anjimar ba ta zo ba.

Ranar Asabar ce. Yara suna Islamiyya. Baffan maigidana, babban malami ne wanda duk dangi ke tashi tsaye idan ya shigo, ya zo duba Baba shi da mutum biyu. A nan sai in faɗi gaskiya. Shekara goma ina auren gidan nan, ba wanda ya taɓa ce mini 'yar ƙauye, amma ni ban daina jin kamar ana auna ni ba. Ina kicin na ji Baffa yana cewa ya ga gero ta kan katanga, ma sha Allah, rabonsa da tumu tun yana yaro ana kawo wa mahaifinsa daga gona.

Ba wanda ya aike ni. Na ɗauki wuƙa na fita ta ƙofar baya.

Tumu ɗanyen gero ne da ya cika bai bushe ba, a gasa shi a wuta a murje. Na shiga kangon ina sauri ina neman manya, don ba zan kai wa Baffa ƙanana ba. Ban sha wahalar nema ba. Duk wanda ya fi girma sai in ga an ƙulle ganyen da ke ƙarƙashin kansa, ƙulli ɗaya. Na gani. Ba zan ce ban gani ba. Abin da ya fi ci mini rai har yau, na taɓa ganin irin ƙullin nan ina yarinya a gonarmu, kafin a kai ni makarantar kwana. Da na tsaya na numfasa sau ɗaya da na tuna. Amma ina jin muryoyinsu a falo, ina tsoron kada su tashi. Na yanke tara. Dogaye ne, na jera su a hannu, daga gwiwar hannuna sun wuce tsinin yatsuna da kusan tafi guda. Sun fi ƙarfin kurfotin gawayina, sai da na riƙa gasa rabi in juya rabi. Na murje a faifai, na hure, na zuba a farantin da nake ɓoyo don baƙi, na shiga da sallama na durƙusa na ajiye.

Baffa ya yi murna ƙwarai. Ya sa albarka, ya ɗiba, ya tura farantin gaban Baba, ya kama hannunsa ya ɗora a kai. Baba ya ɗebi kaɗan ya zuba a tafi. Ya murza da babban yatsa. Sai yatsan ya tsaya.

Ya ce, "Inna, ina kic ciro wanga?"

Na ce, "A gonarku, Baba. Manya-manyan na zaɓo."

Ya sake murzawa. Ya ce, "Madalla." Ya kai baki.

Baffa ya ce bai taɓa ganin gero mai ƙwaya irin wannan ba. Baba ya ce, "Na uwata na." Suka ci gaba da hira, ta ruwan bana, ta mutanen da, har aka cinye farantin. Baba ya raka su get da sandarsa, ya yi musu godiya, ya tsaya har ƙarar motarsu ta ɓace. Ni ina kicin ina jin daɗi, yau na fita kunya. Sai na ji sandar ba ta dawo ciki ba, ta bi ta kango.

Ina wanke faifai yarinyar ta tsaya a ƙofar kicin, da hijabinta da jakar Islamiyya a kafaɗa. Tana riƙe da kara ɗaya marar kai, ƙullin yana nan a jikinsa.

Ta ce, "Mama, iri ne."

A take na gane. Amma ni idan na ji kunya faɗa nake yi. Na ce geron ƙarewa ya yi? Ba ga shi nan cike da fili ba? Kai tara ne fa kawai. Na wuce ta na nufi kango ina ta maimaitawa, don Baba ya ji. Na same shi tsaye yana bin karan ɗaya bayan ɗaya, ya shafa ƙullin, ya kai hannu sama inda kan yake da, ya sauke.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce haka ne, saura na nan, kuma za a samu iri a ciki. Amma abin da ka shuka shi ke fitowa, matsakaici matsakaici yake haifa. Waɗannan tara su ne suka ɗauko na Inna sak, cikin duk abin da ya tsiro. Yanzu sai a zaɓi na ƙwarai cikin saura, a shuka, a sake zaɓe, a sake shukawa, har ya koma yadda yake.

Na ce, "Har yaushe?"

Ya ce, "Damana ukku. In Allah ya so."

Na dubi hannunsa a kan sanda, na ga yadda fatar ta saki, abin da kullum nake gani ban lura ba. Sai ya juya wajen da yake jin numfashin yarinyar.

Ya ce, "Amarya, shekarunki nawa?"

Ta ce, "Bakwai."

Ya ce, "To, ke kina da su."

Na so ya zage ni. Wallahi da ya ɗaga sandar nan ya maka mini da na fi samun sauƙi. Bai sake tada maganar ba. Kwana biyu ina zagaye shi, in kai masa abinci in tsaya, in gyara labulen da ba abin da ya same shi, in fita. A na uku na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini." Ya ce ba komai, baƙo na girmama, ba ɓarna na yi niyya ba. Sannan ya ce mai sunana ma haka take, ba ta iya zama ba, ta taɓa ƙone rabin danga wajen saurin kashe ƙuduji. Ya yi dariya. Ni kuka na yi, na tashi na tafi duba tukunyar da ban ɗora ba.

Yarinyar ce ta daɗe ba ta huce ba. Mako guda tana amsa mini da ƙyar. Suka sake bin layukan ita da Baba, suka ƙulle bakwai, ba ko ɗaya da ya kai waɗancan. A wannan karon ta ja ni da hannu ta nuna mini su ɗaya bayan ɗaya, kamar ni ce 'yar shekara biyar. Da kaka ta yi aka girbe saura, aka bar bakwai ɗin suka bushe a tsaye. Daga nan Baba ya sa ta yin komai da hannunta, kuma komai sau biyu. Ta yanke, ta shanya a kan rufin tanki inda kaji ba sa kaiwa, ta murje, ta tankaɗe tokar murhu mai sanyi, ta cuɗa, ta ɗura a gora, ta kwaɓa laka ta liƙe. Idan ta yi daidai sai ya ce ta faɗa masa da baki abin da ta yi, daga farko. Wani lokaci ta gaji ta ce, "Baba Tsoho, ai na faɗa jiya." Ya ce, "Sake hwaɗi." Ni na san dalilin saurinsa, shi ya sa ba na iya tsayawa in saurara.

Da rani ya shigo yana fita da su bayan unguwa, inda sauran itatuwa suke, su tsinto kurna da magarya, ya nuna musu gawo da ya yi ganye shar alhali komai ya bushe. Daga baya tafiyar ta gagare shi, sai su je su dawo su ba shi labari. Ya rasu da zafin bazara, kafin shamuwa ta dawo. Gorar tana ƙarƙashin gadonsa, da shatin yatsun yarinyar a jikin lakar.

Mai kango ya tashi gininsa a shekarar. Wani ɗan'uwan maigidana ya ba mu gefen gonarsa a hanyar Wamakko, ni nake kai su duk Asabar, wani lokaci har da Laraba in ruwa ya sauka. Ban canza hali ba. Har yanzu ni ce mai cewa a yi sauri, ita ce mai tona ƙasa ta ce ba yau ba. Ƙanenta ya karɓi sungumi, layinsa a karkace, amma yana kaiwa ƙarshe. Damina ta farko kawunan sun ɗan ƙaru. Ta biyu tsuntsaye suka yi mana ɓarna, da ƙyar ta samu biyar. Duk lokacin da gero ya fidda kai ba na samun sukuni, in yi ta zagaye gonar ta waje ina ƙirga abin da ba a sa ni ƙirgawa ba.

Bana ce ta uku. Shekararta goma. Asabar ɗin da ta wuce ta shiga tun da safe ta daɗe, ni ina bakin gona ina kai da kawowa, na buɗe mota na rufe ya fi sau biyar. Can ta kira ni. Ta ƙulle goma sha ɗaya. Ta lanƙwaso mini wanda ya fi duka, cike har tsini, babu gurbi.

Na ce, "Ya dawo?"

Ta ce, "Ban sani ba. Lokacin hannuna ƙarami ne, komai babba nake ganinsa. Ke kika ɗauke su a hannu, Mama. Ke kaɗai kika san tsawonsu."

Ban taɓa tunanin haka ba. Baba ya tafi, Baffa ƙwaya kawai ya gani a faranti. Na naɗe hannun riga. Na ɗora gindin kan geron a gwiwar hannuna, a hankali, ita tana riƙe da karan don kada ya karye. Ya bi hannuna ya wuce tsinin yatsuna. Na daɗe ina dubawa. Na so in ce ya kai, na ga yadda take kallon bakina, kuma ba wanda zai ƙaryata ni.

Na ce, "Saura kamar yatsa biyu."

Ta duba, ta gyaɗa kai, ta saki karan ya koma sama. Ta ce, "To, sai baɗi." Ta ce akwai layi uku da ba ta bi ba tukuna, in koma mota in zauna, za ta daɗe.

Na koma na zauna.